Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ma'aikatar Muhalli da Hukumar REMASAB: a haɗa kiwon tsutsa da rumbun gas a bakin kasuwannin Kano

Mai girma Kwamishinan Muhalli da Sauyin Yanayi na Jihar Kano,
Mai girma Manajan Daraktan REMASAB, hukumar kwashe shara da tsaftar muhalli,
Iyayenmu shugabannin kasuwannin 'Yankaba da 'Yan Lemo, da Sarkin Fawa da jama'arsa na Abbatuwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Allah ya taya ku riƙon amanar da ke wuyanku.

Mu da muka haɗu a kan wannan takarda, wasunmu kiwon tsutsar baƙin ƙudan soja suke yi, wasu ginin rumbun gas, wato rufaffen ramin da shara ke ruɓewa a ciki ta ba da gas, wasu kuma aikin awo a ɗakin gwaje-gwaje. Magana ɗaya ta kawo mu: ragowar da tsutsa ke bari bayan ta gama cin sharar kasuwa tana iya ba da gas na girki da na busar da kaya, amma fa sai an dasa wurin kiwon da rumbun gas ɗin wuri guda, kusa da inda sharar take fitowa, kuma an ɗora wa wani mutum alhakin ciyar da rumbun kullum. In ba haka ba, asarar siminti kawai za a yi.

Ranku ya daɗe, ƙudan soja ba ƙudan gida ba ne. Baƙi ne siriri mai kama da zanzaro, ba ya cizo, ba ya harbi, ba ya bin abincin mutane. Macen takan saka ƙwai 400 zuwa 800, su ƙyanƙyashe cikin kwana huɗu. A tsarin da cibiyar Eawag ta ƙasar Suwizalan ta fitar, tsutsa 10,000 'yan kwana biyar a kwandon roba mai tsawon santimita 60 da faɗin 40 suna cinye kilo 15 na jiƙaƙƙiyar shara cikin kwana 12. Idan aka busar da tsutsar, kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinta furotin ne, shi ya sa masu kaji da masu tarwaɗa ke nemanta a madadin wani kaso na garin kifi da waken soya. Cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Nairobi ta daɗe tana bincike a kan haka. Tan ɗaya na ruɓaɓɓen tumatir, kabeji, kankana da lemo yakan ba da tsutsa kilo 100 zuwa 200, gwargwadon kyan sharar, ya bar ragowa kamar kilo 200 zuwa 300. A kan wannan ragowar muke magana.

Wanda ya juye kwando ranar girbi zai ga abu baƙi-baƙi kamar jiƙaƙƙen ganyen shayi, da ɗumi idan ka cusa hannu, da ɗan warin da ke hawa hanci. A ciki akwai kashin tsutsa, da fatun da ta saɓule tana girma, farare-farare marasa nauyi, da ɓawo da jijiyar da ta kasa ci. A nan gaskiya ta farko take, kuma gara ku ji ta daga bakinmu kafin wani ɗan kwangila ya zo muku da alƙaluma masu daɗin ji: tsutsa ta riga ta cinye mai daɗin. Sukari, sitaci da maiƙo, waɗanda su ne ke saurin zama gas, sun koma jikinta. Da ɗanyar sharar aka zuba kai tsaye a rumbu, da ta fi ba da gas. Ribar bi ta hannun tsutsa ita ce an fara cire abincin dabbobi, wanda ya fi gas tsada, sannan a tatsi abin da ya rage.

Gaskiya ta biyu, ba duk ragowar ce ya kamata ta shiga rumbu ba. Wadda ta fito a bushe, ta bi rariya lafiya, taki ce mai kuɗi. A tankaɗe ta, a bar ta ta huce ta nuna na wasu makonni, a sayar wa masu lambu. Kano ba baƙuwar wannan ciniki ba ce; tun zamanin kakanni jakai ke shigo da itace birni su fita da taki zuwa gonakin karkara. Abin da ya dace da rumbun gas shi ne wanda ba shi da mai saye: ragowa mai danƙo da ta ƙi tankaɗuwa, tsakin da ya tsaya a kan rariya, ruwan da ke tsiyaya daga tumatir da kankana kafin a ba tsutsa, ruwan wankin kwanduna, da ruwan da aka tsoma tsutsa a ciki. Su ne ke jawo wari da ƙudan gida da ƙorafin maƙwabta. Yanayin garinmu ma ya taimaka: da hunturu ragowa kan fito a bushe, lokacin da rumbu ya yi sanyin aiki, da damina kuwa takan fito caɓa-caɓa, lokacin da rumbu ke da ɗumin cinye ta.

Ga lissafi a buɗe, don kowa ya iya bin sawunsa. A ɗauki kilo 100 na ragowa wadda rabinta ruwa ne. Busasshen abu kilo 50 ke nan. A ce kashi huɗu cikin biyar nasa ne mai ruɓuwa, sauran toka da yashi: kilo 40. A ce kowane kilo zai ba da lita 200 na metan, wato sinadarin da ke kama wuta a cikin gas ɗin. An sami lita 8,000, ko kubik mita 8 na metan. Tun da metan yakan zama kamar kashi 60 cikin 100 na gas ɗin rumbu, jimilla kubik mita 13 ke nan. Zafin da ke cikinsa ya kai na kilo shida na gas ɗin silinda, kusan rabin tukunya mai kilo 12.5. Waccan lita 200 ƙiyasi muka ɗauka a tsaka-tsaki. Tana hawa tana sauka gwargwadon abin da aka ciyar da tsutsa, don haka dole a auna tamu ta Kano kafin a zana girman rumbu.

Rabin tukunya ba zai haska unguwa ba, kuma ba mu ce zai yi ba. Amfaninsa yana cikin gidan kiwon. Tsutsa ɗanya kusan kashi biyu cikin uku nata ruwa ne. Ana tsoma ta a tafasasshen ruwa kamar minti ɗaya, sannan a busar a zafin digiri 60 zuwa 65. Da bazara rana na taimakawa, da damina kuwa sai gawayi ko itace ko gas na saye, kuma wannan kuɗin wuta ne ke cinye ribar mai kiwo. Gas ɗin da ragowar tan ɗaya na shara za ta bayar, idan duk ta shiga rumbu, ya kusa isa ya busar da tsutsar da wannan tan ɗin ya haifar. Shi ya sa muke cewa a haɗa su a fili ɗaya. Akwai ƙarin dalili: ragowar da aka tara tsibi takan ɗauki zafi ta fara ruɓa da iska, abin da zai zama gas ya ƙone a banza, naitirojin, sinadarin da ke ba taki ƙarfi, ya tashi. Ya kamata ta shiga rumbu cikin kwana ɗaya ko biyu. Ɗaukar ta a kura ko a mota zuwa bayan gari kashe kuɗi ne a kan abin da ke lalacewa a hanya.

Shi rumbun gas tumbin saniya ne da aka gina da bulo: rufaffen ciki ne da iska ba ta shiga, ƙwayoyin bakteriya na narkar da abin da aka zuba. Sassansa su ne kwarmin dama abinci, bututun shiga, cikin rumbun, kubbar da gas ke taruwa, kwarmin fitar ruwan taki, sai layin bututu mai bawul, da tarkon ruwa, da matatar wari, da murhu. Iri uku aka fi sani: mai kubbar siminti a binne irin na Sin, mai durom ɗin ƙarfe da ke tashi yana sauka irin na Indiya, da mai doguwar jakar roba. Ga Kano mun fi yarda da mai kubba a binne. Bakteriyar ta fi son zafin digiri 30 zuwa 38, kuma ba ta son canji na farat ɗaya. Daren Disamba da Janairu sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15, ranar Afrilu zafi ya haura 40. Jakar roba a sarari za ta sha duka biyun, ga rana na cin robar, ga ɓera da yara. Durom ɗin ƙarfe kuwa tsatsa ke cinye shi. Ƙasa ita ke daidaita zafi. Duk da haka gas zai ragu da hunturu. A lulluɓe kan kubbar da ƙaiƙayi ko ƙasa mai kauri, a kuma dama abincin da ruwan da ya sha rana a baƙin tanki, a zuba da azahar, ba da sanyin asuba ba.

Maganar ruwa ce wadda aka fi tsallakewa, alhali a Kano ita ce ta fi ciwo. Rumbu na son kunu mai busasshen abu kashi 8 zuwa 10 cikin 100. Kilo 100 na waccan ragowar na bukatar ruwa kamar lita 450, jarka 18 ke nan mai lita 25, kullum ta Allah. Wanda zai saya a hannun 'yan garuwa ya san inda ribarsa za ta tafi. Kunun ya zama lita 550 a rana. Idan zai kwana 40 a ciki, ana bukatar ciki mai kubik mita 22, ban da wurin taruwar gas. Don haka fili ba rijiyar burtsatse ba fili ba ne. Ana rage nauyin da ruwan tumatir da na wankin kwanduna, ana kuma iya mayar da wani kaso na ruwan da ke fita, amma kada ya wuce sulusi, don gishiri da amoniya na taruwa a cikinsa.

Amoniyar nan ita ce babbar cutar wannan aiki. Bakteriya na son abinci mai kabon kashi 20 zuwa 30 a kan kowane kashi ɗaya na naitirojin. Ragowar tsutsa sau da yawa naitirojin ɗinta ya yi yawa, musamman idan an haɗa wa tsutsar kashin kaji ko ragowar abinci mai nama da wake. A cikin rumbu naitirojin ɗin kan koma amoniya, idan kuma ta kusanci giram uku a lita, sai ta fara kashe bakteriyar da ke yin metan. Zafi da hawan pH, ma'aunin da ke sauka idan ruwa ya yi tsami ya hau idan ya yi kanwa-kanwa, na ƙara mata dafi, wato bazararmu ce lokacin haɗari. Maganinta gauraye. Abin da ake zazzagewa daga tumbin shanu a Abbatuwa kowace safiya, da kashin shanu ɗanye, su ne abokan haɗi mafi kyau: suna da ciyawa mai kabon, suna kuma zuwa da bakteriyar da ake bukata. Iyayenmu mahauta, abin da ake kwashewa daga wurinku shi ne wannan aiki ke nema. Shawararmu, ragowar tsutsa kada ta wuce rabin abincin rumbu sai an auna an ga ya ɗauka.

Tayar da sabon rumbu yana son haƙuri. Kafin a zuba komai, a cika shi da ruwa a ga ko yana yoyo, sannan a hura iska a kubbar, a haɗa siririyar tiyo mai garai-garai da aka lanƙwasa aka zuba wa ruwa, a yi alama, a dawo bayan awa 24. Idan ruwan ya sauka sosai, kubbar na shan iska; a sake shafe. Rumbuna da yawa a nan suke mutuwa tun ba a fara ba, saboda maginin ya iya ginin ɗaki amma bai taɓa yin shafen da zai riƙe gas ba. Bayan haka a cika da kashin shanu da ruwa, mudu da mudu, in an samu a ƙara ruwan wani rumbu mai aiki. A jira mako biyu zuwa huɗu. Gas na farko da na biyu a sake su a sarari, kada a kusanto da ashana, don akwai iska a gauraye, kuma metan kashi 5 zuwa 15 cikin 100 a cikin iska fashewa yake yi. Sai wuta ta kama shuɗiya, tsaye, ba hayaƙi, sannan a fara saka ragowar tsutsa: kashi ɗaya cikin goma na abincin, a ƙara wani kashin bayan kowane kwana goma.

Idan gas ya ragu, mai kula ya fara da hanci da takardar awon pH, don cuta biyu ce masu kama da juna amma maganinsu kishiyoyi ne. Lafiyayyen rumbu na tsakanin 6.8 da 7.5. Idan ya faɗi ƙasa da 6.5, ruwan na warin tsami kamar kunun da ya kwana, gas na fita amma ba ya kamawa, to an cika masa ciki ne, galibi da ruwan lemo ko tumatir. A dakatar da ciyarwa kwana uku zuwa mako, a zuba kashin shanu, in ta kama a ƙara ruwan farar ƙasa kaɗan-kaɗan ana awo. Idan kuwa ya haura 8, warin na soka hanci kamar na tsohon makewayi, gas na raguwa a hankali mako bayan mako, amoniya ce. A nan farar ƙasa ko toka ƙara kashe shi za su yi. Ruwa mai tsafta ake ƙarawa, a rage ragowar tsutsa, a ƙara kayan tumbi. Mai kulan da bai san wannan bambanci ba, garin neman gira zai rasa ido.

Sauran matsalolin na hannu ne. Fatun tsutsa, ɓuntun shinkafa da garin katako ba sa narkewa da wuri; sukan taso su yi ɓawo a sama su toshe hanyar gas, don haka a jiƙa ragowar tun dare, a tsame abin da ya taso, a kuma motsa rumbun kullum. Yashin da tsintsiya ke kwasowa a kasuwa yakan kwanta a ƙasa ya cinye wuri shekara bayan shekara. A ɗaga bakin bututun shiga kamar taƙi ɗaya daga gindin kwarmin damawa, yashi ya zauna a nan a kwashe. Wutar da ke tsalle tana mutuwa alamar ruwa ne a bututu, domin gas ɗin na fitowa da tururi. A karkata layin santimita ɗaya a kowace mita zuwa tarkon ruwa, a zubar duk mako. Murhun gas na silinda ba ya aiki da wannan gas sai an faɗaɗa ƙofar nozul, 'yar hudar da gas ke fitowa, an rage iska. Warin ruɓaɓɓen ƙwai kuwa haidirojin salfaid ne, mai cin ƙarfe, mai kisa idan ya yi yawa, kuma a lokacin da ya fi haɗari hanci kan daina jin sa. Matatar soson ƙarfe mai tsatsa na kama shi. Idan soson ya yi baƙi a canza, amma a baza tsohon a sarari a yayyafa masa ruwa, don yana ɗaukar zafi idan ya sha iska har ya iya kama wuta. Kuma kada a taɓa bari wani ya shiga cikin rumbu don gyara sai an kwashe, an bar shi a buɗe kwanaki ana hura iska, da igiya a ƙugunsa da mutane a sama.

Mai girma Manajan Darakta, duk wannan ya rataya ne a kan abin da ke shiga kwandon tsutsa tun farko, kuma a nan hukumarku ce mai wuƙa da nama. Sharar da ta gauraya da leda, batir, kwalba da allura ba ta da amfani ga tsutsa ko rumbu. Sharar hatsin da aka yi wa fiya-fiya na kashe tsutsa. Ruwan bilic da maganin kashe ƙwayoyin cuta na kashe rumbu. Tsutsa na tara kadmiyom, wani ƙarfe mai guba, a jikinta, daga nan ya wuce cikin kaza da kifi. Laka ko ruwan masana'antun fata na Challawa, Sharaɗa da Bompai, mai ɗauke da gubar kuromiyom, kada ya kusanci wannan aiki ko kaɗan. Rarrabewa a bola ba ta yiwuwa. A bakin rumfa ake yin ta, da kwando daban na ruɓaɓɓen kayan gwari, da matasan da ake biya a kan kowane kwando mai tsafta. Shugabannin kasuwa su ne za su iya sa wannan ya zauna, don maganarsu ake ji a can.

Ruwan takin da ke fita ma yana son tsari tun kafin a haƙa rami. Lita 550 ta shiga, kusan lita 550 za ta fito kullum. Taki ne mai kyau wanda shuka ke sha nan take, amma idan aka bar shi a buɗe a rana naitirojin ɗinsa tashi yake yi, idan kuma aka sake shi a kwata an koma gidan jiya. A yi masa rami mai murfi, a yi yarjejeniya da masu lambu na kusa ko masu gandun itatuwa, a sirka shi da ruwa a zuba a gindin shuka da yamma. Kada a watsa shi a kan latas da sauran ganyen da ake ci ɗanye dab da girbi, don zafin digiri 35 ba ya kashe dukkan ƙwayoyin cuta. Tarayyar Turai tun 2021 ta wajabta a gasa ragowar ƙwari a digiri 70 na tsawon awa ɗaya kafin a sayar da ita a matsayin taki. Gas ɗin rumbu na iya yin wannan gashin.

Akwai kuma tambayar da jama'ar Kano za su yi, kuma suna da haƙƙin yin ta: hukuncin kaza ko kifin da aka ciyar da tsutsa, da hukuncin girki da gas ɗin da ya fito daga kashin dabba. Malamai sun san babin jallala, wato dabbar da ke cin najasa. Muna roƙon a kai su wurin su gani da idonsu kafin a buɗe, su yi wa mutane bayani. A namu ɓangaren, tsutsar abincin dabbobi kayan gwari da dusa kawai za ta ci. Ba bayan gida, ba jini, ba mushe. Kayan tumbi rumbu za su tafi kai tsaye.

Mai girma Kwamishina, ba rumbu a kowace ƙaramar hukuma muke roƙo ba. Guda ɗaya muke so, na gwaji, a fili mai ruwa kusa da 'Yankaba ko 'Yan Lemo, mai ɗaukar tan ɗaya na shara a rana, da takardar izinin zama ta shekaru da za ta ba mai kiwo ƙwarin gwiwar zuba jarinsa. Kafin a sa bulo, a ba Jami'ar Bayero, musamman Cibiyar Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa da ke can, ko Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, aikin auna ragowar: danshinta, kabon da naitirojin, ƙarafa masu guba, da yawan metan da take bayarwa ita kaɗai da kuma a gauraye da kayan tumbi. A koya wa magina biyar ko shida shafen kubba a kan wannan ginin. A saka albashin masu kula guda biyu a cikin kasafin tun ranar farko, don rumbu ba ya hutun Juma'a ko na Sallah. A ɗaura mitar gas, a riƙa rubuta kilon da ya shiga, ruwan da aka zuba, zafin rumbu, pH da litar gas kullum, har a zagaya hunturu, bazara da damina. Bayan wata 12 a buga littafin awon a fili, mai daɗi da marar daɗi, sannan a yanke shawarar ko za a yi na biyu a Abbatuwa.

A shirye muke mu zauna da injiniyoyin ma'aikata da shugabannin kasuwa, mu kawo zanen rumbu mai kubik mita 25 da jerin kayan aikinsa, mu kuma zagaya tare a duba filin da ruwansa.

Allah ya yi muku jagora. Wassalam.

Daga wasu masu kiwon tsutsa, maginan rumbun gas da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje, birnin Kano.